Kurakuran da ɗalibai suka fi yi kan ƙwayoyin abu a darasin kemistiri

Kusan kowane ɗalibin SS1 zai haddace maka cewa duk abin da ke duniya ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Sai an ce ya yi bayani matsala ke fitowa, domin halin abin da yake gani da ido yake ɗora wa ƙwaya guda.

Wanda ya fi damuna shi ne batun zafi. Tambayi yaro me ya sa ƙarfe ke buɗewa in ya sha wuta, zai ce ƙwayoyinsa ne suka kumbura. Ko kaɗan. Girman ƙwaya na nan yadda yake, motsinsu ne ya ƙaru har tazarar da ke tsakaninsu ta faɗaɗa. Ruwa in ya koma tururi a digiri 100 yakan ci wuri kusan ninki 1,700, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙaru ba. Maganin wannan shi ne zane: a sa ɗalibi ya zana ƙanƙara, ruwa da tururi da da'irori masu girma ɗaya, jeri da tazara kaɗai zai canza.

Daga nan sai ka tambaya, me ke cikin tazarar? Amsar da za ka ji ita ce iska. To ai iskar ma ƙwayoyi ce, galibi naitirojin da oksijin. Babu komai a wurin. Abu ne mai wuyar shiga kai, kada malami ya yi gaggawar wucewa.

Wasu suna zaton sukari in ya narke a shayi ya ɓace ne, alhali kuwa bai ɓace ba. Ɗora kofi a sikeli: shayi giram 200 da sukari giram 10 za su ba ka 210 bayan an juya.

Kumfar da ke tasowa daga tukunya mai tafasa tururin ruwa ce, ba haidirojin da oksijin ba kamar yadda wasu ke zato. Tafasa ba ta raba ƙwayar ruwa, wato H₂O, zuwa haidirojin da oksijin ɗin da suka haɗa ta.

Wasu kuma suna zaton in ruwa ya kwanta ƙwayoyinsa ma sun kwanta. A 1827 masanin tsirrai Robert Brown ya ga 'yan ɓarɓashi daga garin fure suna ta kai-komo cikin ruwa ƙarƙashin madubin ƙara girma, a 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa ƙwayoyin ruwan ne ke bangazar su ta kowane gefe. Hatta a ƙanƙara suna karkarwa a inda suke, sauya gurbi ne kawai ba sa yi.