Kurakuran da aka fi yi wajen neman allurar rage ƙiba daga likitan intanet

A Amurka da Ingila, mutum na iya samun Wegovy ko Zepbound ko Mounjaro ba tare da ya taka ƙofar asibiti ba: ya cike fom a waya, ya gana da likita ta bidiyo, a aiko masa da magani har gida. Sai dai likitan bai ɗora ka a sikeli ba, bai auna hawan jininka ba, galibi abin da ka faɗa masa kawai ya sani.

Mutane da dama kan ƙara wa nauyinsu kilo a fom don su cancanta. A Amurka ƙa'idar ita ce BMI (ma'aunin ƙiba da ke kwatanta nauyi da tsayi) 30 ko sama, ko 27 ga mai hawan jini ko ciwon suga ko yawan kitse a jini. Lissafin ba wuya: raba nauyinka da tsayinka, ka sake raba abin da ya fito da tsayin. Mai kilo 95 da tsayin mita 1.70 yana kusan 33. Auna kanka ranar da za ka cike fom ɗin, ka rubuta abin da ka gani. A Ingila ma tun Fabrairun 2025 aka wajabta wa shagunan magani na intanet su tabbatar da nauyi da tsayi da kansu.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ɓoye tarihin lafiya. Ba a ba da waɗannan allurai ga wanda shi ko danginsa na jini suka yi wani nau'in kansar ƙullin maƙoshi (thyroid) da ake kira medulari. Ka faɗa idan ka taɓa kumburin fankiriyas (gaɓar cikin da ke samar da insulin) ko tsakuwar matsarmama, ko kana amfani da insulin, domin suga na iya faɗuwa ƙasa sosai. 'Yar'uwa, in kina shirin ɗaukar ciki, ana dakatar da Wegovy wata 2 kafin nan. In kuma ƙwayar tazarar haihuwa kike sha, Zepbound da Mounjaro na rage ƙarfinta. Ki ƙara da kororon roba na mako 4 bayan farawa, haka kuma duk lokacin da aka ƙara miki adadi.

Inda aka fi jin jiki shi ne awo. Wegovy ana farawa ne da miligiram 0.25 sau ɗaya a mako, sai bayan mako 4 a hau 0.5, sannan 1, sannan 1.7, har 2.4. Zepbound daga 2.5 yake farawa. Mai gaggawa ya tsallake mataki, sai amai da gudawa su ƙarar masa da ruwan jiki, har ƙoda ta taɓu. Wasu kamfanoni kuma ba alƙalamin allura suke aikowa ba, 'yar kwalba ce da sirinjin insulin, maganin da wani kantin haɗa magunguna ya haɗa, wanda FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ba ta tantance ba. Takarda na maganar miligiram, sirinji kuwa zanen yunit ne a jikinsa. Idan kwalbar miligiram 2.5 ce a kowace mililita, to 0.25 ɗinka yunit 10 ne. Idan 5 ce, yunit 5 ne. A 2024 FDA ta yi gargaɗi cewa wasu sun yi wa kansu ninki 5 zuwa 20 na abin da aka rubuta musu. Kada ka tsira allurar farko sai likita ko mai harhaɗa magani ya faɗa maka yunit nawa, ka ɗaga sirinjin a bidiyo ya ga layin. Duk sabuwar kwalba a sake duba ƙarfinta.

Shafin da ke sayarwa ba takardar likita, a guje shi. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar jabun Ozempic, allurar ciwon suga mai sinadari ɗaya da Wegovy, da aka gano a Burazil da Ingila da Amurka. Nemi sunan likita da lasisinsa a jihar da kake zaune, da sunan kantin da zai aiko.

Kwali ya iso, buɗe shi nan take, ka sa maganin a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Celsius. Wanda ya daskare ya lalace, ko da ya narke.

Mutane kuma kan manta da tambayar wa za su kira bayan an biya kuɗi. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa zuwa baya ba na jiran amsar saƙo ba ne, asibiti za ka nufa. Za a yi maka tiyata, ka sanar da mai ba da maganin barci, domin abinci na daɗewa a ciki. Azumi ya gabato, ku tattauna shan ruwa da lokacin ƙarin adadi. Ka tsallake allura biyu ko fiye, tambayi likita kafin ka koma kan tsohon adadinka. Ka kuma yi lissafin kuɗin shekara tun kafin ka fara: a wani binciken Wegovy, waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu bisa uku na abin da suka rage cikin shekara guda.