Yadda ake gyara tsohon murfin ma'ajiyar jirgin ruwa na faiba

Murfin ma'ajiya shi ake takawa kullum, shi rana ke duka, don haka yakan riga sauran jirgin lalacewa. Kuskuren da nake yawan gani wurin masu koyo shi ne su ga tsaga su shafe ta da rezin, wato ruwan danƙon da ake haɗa faiba da shi, alhali ruwa na nan kwance a ciki.

Fara kwance murfin, ka cire hinjis da mariƙi. Ɗauki bayan sukundireba ka bi shi da ƙwanƙwasa. Inda ya amsa da ƙarfi lafiya lau, inda ya yi amo kamar fasasshiyar ƙwarya, faiba ta rabu da katakon da ke tsakiya. Zagaye wurin da alli.

A nan aikin yake. Yanka fatar faiba ta ƙasan murfin da giranda, kada ta sama, don fuskar ta zauna yadda take. Duk katakon da ya yi baƙi ko yake dagargajewa a yatsa, ƙwaƙule shi har ka kai ga mai kyau. Sannan ka jingine murfin ya bushe kwanaki, ba yini ɗaya ba. A damina ma ya fi haka daɗewa. Gyaran farko da na taɓa yi, mai jirgi na gaggawa, na rufe katako da sauran danshi; ba a jima ba facin ya ɗago gaba ɗaya, na sake aikin da kuɗina. Rezin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri, kuma ba ya kama wuri mai sheƙi. Saboda haka kankare gefen ramin a karkace da samfefa mai lamba 80, ka goge da asiton, wato ruwan sinadarin da ke cire maiƙo. Sa takunkumi da dogon hannu, ƙurar faiba na sa ƙaiƙayi.

Dasa sabon katako busasshe daidai ramin. Haɗin rezin na poliyesta kuwa, hadna, ruwan da ke sa rezin ya daskare, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo guda. Da zafin bazara ka tsaya a 10, kuma ka kwaɓa kaɗan-kaɗan a inuwa, in ba haka ba ya daskare maka a gwangwani kafin ka gama. Da sirinji nake aunawa, ban yarda da aunin ido ba. Kiyaye idonka da hadna.

Shimfiɗa tabarmar faiba hawa uku, kana jiƙa ta da rezin kana dannawa da burushi har farin ya ɓace, kumfar iska ta fita.

In ya bushe, juya fuskar sama, bi da samfefa 120 sannan 220, ka shafa jelkot, wato rezin mai launi da ake rufe fuskar faiba da shi. Hawan ƙarshe sai mai kakin farafin na musamman a ciki, in babu zai yi ta danƙo. Idan kuɗi bai kai ba fentin jirgi ma ya yi, sai dai ba ya jure takawa sosai. Kafin ka mayar da hinjis, cika kowane ramin sukuru da silikon na jirgi, don yawanci ta nan ruwan ya fara shiga.