Yadda za ka gane ko kura ce ke ƙarar da barewa a daji ko kuwa hannun mutum ne

A nan Jos da zarar an ce gada da mazo sun yi ƙaranci a dajin Pandam ko can wajen Yankari, sai ka ji kowa na cewa ai kura ce, ai damisa ce. Wallahi abin na damuna, domin daga wannan maganar sai a zuba guba. Ga yadda ake bin diddigi tukuna.

Ka fara da ƙirga 'ya'ya, ba manya ba. Ka samu mashaya ɗaya da rani lokacin da ruwa ya ja baya, ka riƙa zuwa da sassafe ko dab da magariba, iska na busowa daga wajensu zuwa wajenka don kada su ji warinka, ka rubuta mata nawa ka gani kuma nawa ne ke tafe da ɗa. Dabbobi masu cin nama sun fi kama jarirai da tsofaffi da marasa lafiya, saboda su ne ba sa iya gudu. In mata na nan da yawa amma babu ƙanana, to ka zargi dila da karnukan gari da gobarar daji da ke cinye ciyawar da suke ɓuya a ciki. In kuwa manya lafiyayyu ne ke ɓacewa, har da maza masu ƙaho, malam ka nemi tarko.

Sai mushe, in ka ci karo da shi kada ka yi saurin wucewa, nan labarin yake. Damisa a maƙogwaro take kamawa, za ka ga ramukan haƙori, kuma takan ja naman ta ɓoye a duhuwa ko ta haye bishiya da shi. Kura ba ta barin komai, har ƙashi take tauna, shi ya sa kashinta in ya bushe yake yin fari kamar alli. Karnuka kuwa ɓarna suke yi, su yayyage cinyoyi da ciki su bar nama a warwatse. Tarkon waya yana barin zobe a wuya ko a ƙafa, fata ta yanke. Ka duba sawu ma, na kura da na kare da alamar farce, na damisa babu. Ka ɗauki hoto da wayarka, ka ajiye ashana ko biro a gefe don a gane girman.

Kuma ko ka tabbatar dabba ce ta kashe, ba shi ke nan ba. A gandun Yellowstone na Amurka an dawo da kyarketai a 1995, manyan barewarsu suka ragu sosai, amma da aka bincika sai ga hannun ƙarancin ruwan sama da mafarauta da wasu namun dajin duk a ciki, sannan itatuwan bakin rafi da garken ke cinyewa suka fara farfaɗowa a wasu wurare.

Don Allah in ka ga ɗan gada kwance shi kaɗai a ciyawa ka ƙyale shi, uwar ce ta ɓoye shi kuma tana kusa. Hotunanka da ƙirgarka ka kai wa ma'aikatan gandun daji, ka nuna musu inda tarkon yake. Guba kam kada ka soma, ungulu da karnukan makiyaya ne za su fara mutuwa kafin kurar ta iso wurin.