Yadda na tsayar da yoyon tiyon tankinmu a Tahoua

Tiyon ƙarfe da ke saukowa daga tankinmu na soro ya riƙa yoyo daidai inda ya haɗu da famfon tagulla, ruwan ma har ja yake yi. Na ƙara tef na Teflon, wato siririn tef ɗin da ake naɗawa a mahaɗin tiyo don hana yoyo, na shafa siminti, yoyon ya dawo. Maƙwabcina ya ce laifin ruwan ne.

Ashe ƙarfe biyu ne ba sa jituwa. Idan tagulla ta taɓa ƙarfe mai rufin tutiya cikin ruwa, wata 'yar lantarki na gudana tsakaninsu, ta fara cinye tutiyar, sannan tsatsa ta kama ƙarfen. Tagullar kuwa ko a jikinta.

Na rufe ruwa, na zubar da na cikin tiyon, na yanke santimita 20 daga wurin da ya ci, aka fitar da sabon zare, wato layukan da ake murɗa mahaɗi a kansu, a bakin tiyon. Na naɗa Teflon yadda zaren ke juyawa, na sa mahaɗin roba na PVC tsakanin tiyon da famfon don kada su taɓa juna. Shi PVC rana ke gasa shi har ya tsage, sai na goge shi da sanfefa na shafa farin fenti sau biyu.

Alhamdulillahi, wurin a bushe yake. Na gode wa mai gyaran famfon da ya ganar da ni.