Kurakuran da baƙi suka fi yi a gidajen abinci da hanyoyin Italiya, da yadda ake kauce musu

Yawancin ɓacin ran da baƙo ke kwasa a gidan abinci a Italiya tun kafin a ɗora tukunya yake farawa. Mutum ya zauna, ya buɗe takardar abinci, ya hango sunan da ya saba ji, ya nuna da yatsa, bai tambayi komai ba. Sai an kawo faranti, ko an kawo lissafi, sannan ido ya raina fata. Galibi kuma ba cutarsa aka yi ba. Italiyawa suna da tsarinsu na cin abinci, kusan komai a rubuce yake ko kuma ana faɗa wa wanda ya tambaya, amma tambayar tana da amfani ne kafin a kawo.

Kuskuren farko na lokaci ne. Gidajen abinci na gaske suna ba da abincin rana daga wajen 12:30 zuwa 2:30, sannan a rufe kicin sai wajen 7:30 na dare. A kudancin ƙasar, irin su Napoli da Sisili, mutane ba sa cika teburi sai 8:30 ko 9:00. Wanda yunwa ta kama da ƙarfe huɗu na yamma zai tarar da ƙofofi a rufe, sai wuraren da aka buɗe musamman don 'yan yawon buɗe ido, waɗanda kan fi tsada su kuma fi rashin daɗi. Idan lokaci ya ƙwace maka, nemi inda ake sayar da pizza al taglio, wato wadda ake yanka maka a auna a sikeli, ka toshe yunwa da ita har dare ya yi. Daren Juma'a da na Asabar kuwa a kira waya a kama teburi tun da wuri.

Takardar abincin a jere take: antipasto na buɗe baki, primo wanda taliya ce ko shinkafar risotto ko miya, secondo wanda nama ne ko kifi, sai contorno, sai kayan zaƙi. Wasu suna zaton dole ne a bi su duka, su yi oda har ciki ya gagara. Babu wanda zai tilasta maka. Primo ɗaya da salak ya wadatar. Wasu kuma suna yin odar secondo suna jiran ya zo da dankali ko shinkafa a gefe, sai a kawo musu yankan nama shi kaɗai a tsakiyar faranti. Abin haɗawar shi ne contorno, kuma daban ake odarsa, daban ake biyansa.

Inda na fi son mai karatu ya nutsu shi ne batun naman alade da giya, domin a nan ne kuskure ya fi ciwo ga wanda ba ya cin su. Alade ya shiga girkin Italiya sosai, kuma sau da yawa ba a ganinsa da ido. Uku daga cikin shahararrun taliyoyin birnin Rum, carbonara da amatriciana da gricia, duk da guanciale ake yin su, wato kumatun alade da aka adana da gishiri. Miyar ragù ta Bolonya, wadda aka ajiye tsarin girkinta a hukumance a zauren 'yan kasuwar birnin a 1982, naman sa ce, amma tana ɗauke da pancetta, wato naman cikin alade mai gishiri, da giyar inabi, kuma ita ce a cikin lasagne. Tortellini, wata ƙaramar taliya mai cushe, da naman alade ake cusa shi. Saltimbocca naman maraƙi ne, amma an lulluɓe shi da prosciutto, wato busasshen naman cinyar alade. Ƙwallayen nama da ake kira polpette sau da yawa gauraye ne na sa da alade. Hatta miyar wake da taliya, wadda a ido ba ta da laifi, akan dafa ta da fatar alade don ɗanɗano. Sunayen kayan alade da ya kamata mutum ya haddace su kamar lambar wayarsa su ne prosciutto, pancetta, guanciale, speck, mortadella, salame, salsiccia, lardo da 'nduja.

Akwai wanda ya fi waɗannan ɓuya, shi ne strutto, narkakken kitsen alade. Da shi ake kwaɓa gurasar piadina ta gargajiya a yankin Romanya, yana shiga ɓawon cannoli na Sisili da sfogliatella ta Napoli da wasu nau'o'in burodi. Giya kuma ana zuba ta a farkon dafa risotto, wasu suna sa giyar Marsala a kayan zaƙin tiramisù, shi kuwa babà na Napoli a cikin wata giya mai suna rum ake jiƙa shi.

Kuskuren da ake yi a nan shi ne tambayar ko akwai nama a cikin abinci. Mai kawo abinci zai iya cewa babu, da zuciya ɗaya, saboda a wurin mutane da yawa ɗan yankan prosciutto kayan ɗanɗano ne, ba a lissafa shi cikin nama. Sai a ambaci abin da sunansa. A ce "C'è maiale?", ma'ana akwai alade, a ƙara da "C'è strutto?" da "C'è vino?", wato akwai giya. Wanda harshen ya yi masa nauyi ya rubuta su a waya ya nuna. Ma'aikatan sun saba da irin wannan tambaya, domin dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya. Alade ba ya cikin jerin, amma al'adar shiga kicin a tambayo ta riga ta zauna, kuma za su yi maka.

Kada wannan ya sa mutum ya ƙare tafiyarsa a kan soyayyen dankali, domin abin ci yana da yawa. Cacio e pepe taliya ce da cukun tumaki da masoro kawai. Pasta alla Norma ta Kataniya tumatir ce da soyayyen baƙin yalo da cuku. Pesto na Jenowa ganyen ɗoɗɗoya ne da tafarnuwa da man zaitun da cuku da 'ya'yan itacen pine. Bresaola busasshen naman sa ne daga Valtellina. Wanda yake kula da yadda aka yanka dabba sai ya karkata ga kifi da ganye, ko ya nufi unguwar Esquilino kusa da tashar Termini a Rum, inda shagunan halal suke da yawa. A tsohuwar unguwar Yahudawa ta Rum ma akwai gidajen abincin kosher waɗanda alade ba ya shiga kicin ɗinsu sam.

Wasu sunaye kuma suna ruɗar wanda ya san abincin Italiya daga wajen Italiya. Peperoni a can tattasai ne. Pizzar da ke da yankan tsiran alade mai yaji diavola ake ce mata. Pizza marinara ba ta da kifi ko kaɗan, tumatir ce da tafarnuwa da oregano da mai. Wanda ya ce a ba shi latte, kofin madara zalla za a miƙo masa, sai ya ce caffè latte. Taliyar Fettuccine Alfredo a Rum aka ƙirƙire ta, amma a Amurka ta yi suna, kuma da wuya ka gan ta inda 'yan gari ke ci. A Bolonya da faffaɗar taliyar tagliatelle ake cin ragù, ba da spaghetti ba.

Kada a mayar da abinci kicin don an ji taliya da ɗan tauri a haƙori. Haka ake son ta, ana kashe wuta kafin ta yi laushi. Haka ma pizzar Napoli, wadda UNESCO ta sa sana'ar masu yin ta cikin kayan gadon duniya a 2017: minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi take yi a tanda mai tsananin zafi, tsakiyarta ya fito da laushi da danshi, gefenta da ɗigon ƙuna. Ta nuna sarai. Kowa tasa guda ake kawo masa, ba a yanke ba, da wuƙa da cokali mai yatsu.

Sai lissafi. Abin da ya fi tsorata baƙi shi ne farashin da ake rubutawa bisa nauyi. Idan ka ga all'etto ko "hg" kusa da farashin kifi ko naman bistecca alla fiorentina, kuɗin kowane giram 100 ne. A ce an rubuta Yuro 8, aka kawo kifi mai giram 900, Yuro 72 ke nan a kan faranti ɗaya. Ita kuwa fiorentina da wuya ta gaza kilo guda, shi ya sa mutum biyu ko uku suke raba ta. Gyaran mai sauƙi ne: ka nemi a auna a gaya maka nauyi da jimillar kuɗin kafin a gasa. Haka ma abincin ranar da mai kawo abinci ya zayyana maka da baki, tambayi kuɗinsa nan take, ba abin kunya ba ne.

Coperto kuɗin zama ne da ake ɗora wa kowane mutum, yawanci Yuro 1 zuwa 3, kuma a yawancin yankunan ƙasar halas ne muddin an rubuta shi a takardar abinci, galibi da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa. Wasu wuraren suna ƙara servizio, wato kuɗin hidima, kashi 10 cikin 100 ko fiye. Duba waɗannan biyun kafin ka yi oda. Tukuici ba dole ba ne, kuma ba a lissafa shi da kaso kamar a Amurka. Wanda ya ji daɗin hidima yakan bar Yuro ɗaya ko biyu, in kuwa an riga an sa servizio to an gama. Ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, domin a wurinsu kawo shi ba a tambaya ba kamar korar baƙo ne. Ka ce "Il conto, per favore", ko ka tashi ka biya a wurin mai karɓar kuɗi. Tun daga 30 ga Yunin 2022 akwai tarar Yuro 30 da kashi 4 cikin 100 na cinikin a kan ɗan kasuwar da ya ƙi karɓar kati. Idan na'urar ta ba ka zaɓi tsakanin Yuro da kuɗin ƙasarka, zaɓi Yuro, don canjin da na'urar ke yi ya fi tsada. Kuma ka karɓi rasit.

A shagon kofi, wanda suke kira bar, farashi biyu ne: na tsaye a kanta da na zaune a teburi. A manyan dandali irin San Marco na Benis, inda Caffè Florian yake tun 1720, kuɗin zama kan ninka sau da yawa, har da ƙarin kuɗin kiɗa idan makaɗa suna wasa. A wurare masu cunkoso ana fara biya, a kai rasit kanta. Cappuccino abin safe ne a wurinsu. Za a ba ka bayan abincin dare idan ka nema, amma su ɗan ƙaramin baƙin kofi suke sha. Ruwa a teburi na kwalba ne, naturale ko frizzante mai gas. A titunan Rum kuwa akwai famfunan nasoni fiye da 2,000 masu zubar da ruwan sha mai sanyi kyauta, don haka a riƙe gora.

Wajen zaɓen inda za a ci, a guji wurin da mutum ke tsaye a ƙofa yana kiran masu wucewa, da mai takardar abinci mai hotuna cikin harsuna shida. Tafiyar minti goma daga tsohon ginin Colosseo na Rum ko daga gadar Rialto ta Benis kan sauya farashi da ɗanɗano gaba ɗaya. Alamar tauraro kusa da sunan abinci tana nufin daskararre ne aka narkar. Gelato, wato ayis kirim ɗinsu, da aka tula sama kamar tsauni da launi mai ƙyalli abin zargi ne. Na ayaba na gaske launin toka-toka yake yi.

A kan hanya, tarar da ta fi kama baƙi ta tikiti ce. Tikitin takarda na jirgin ƙasa na regionale, wato na cikin yanki, dole a cusa shi a ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin a shiga, haka ma na bas da taragon cikin gari da zarar an hau. Mai duba tikiti ba ya karɓar uzurin baƙunta. Jirage masu gudu, Frecciarossa da Italo, suna da lambar kujera da lokaci, ba sa buƙatar wannan, kuma sayen tikitinsu tun da wuri ya fi araha. Tikitin bas a shagunan taba masu alamar babban harafin T ake sayensa. A lura da sunan tasha: Venezia Mestre tana kan tudu, wadda ke cikin birnin ruwan ita ce Venezia Santa Lucia, kuma tsakiyar Fulorens ita ce Firenze Santa Maria Novella. Idan aka ga kalmar sciopero, yajin aiki ne. A ranakun aiki jiragen regionale suna da sa'o'in da aka tabbatar za su tashi, 6:00 zuwa 9:00 na safe da 6:00 zuwa 9:00 na dare.

Mai hayar mota ya kiyayi allon ZTL, farin da'ira mai jan baki a mashigar tsoffin unguwanni, inda aka taƙaita shigar motoci. Kyamara ce ke ɗaukar lamba, kowace shiga tararta daban, kuma takardar kan iso bayan watanni ta hannun kamfanin hayar tare da nasa cajin. A ajiye mota a wajen gari a shiga da ƙafa. A filin jirgin Fiumicino kada a bi wanda ya tare ka a cikin zaure yana tayin mota. Tasi mai lasisi fara ce, tana layi a waje, kuma kuɗin zuwa tsakiyar Rum ƙayyadadde ne a rubuce a jikin ƙofarta. Jirgin Leonardo Express yana kai wa Termini cikin minti 32.

Manyan majami'u, har da ta San Pietro a Vatican, ba sa barin mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ko gwiwa ya shiga, mace ko namiji. Tun 2019 an hana zama a kan matakalar dandalin Piazza di Spagna a Rum. Benis ta fara karɓar kuɗin shiga daga masu zuwa su koma a yini a wasu ranaku tun 2024, kuma ta intanet ake biya kafin a iso. Gidan tarihin Uffizi na Fulorens ba ya buɗewa ranar Litinin, na Vatican kuma a rufe yake ranar Lahadi in ban da Lahadin ƙarshen wata. Wanda tafiyarsa ta faɗo a makon 15 ga Agusta, lokacin hutun Ferragosto, zai tarar da ƙananan gidajen abinci da yawa a birane sun manna takardar "chiuso per ferie", wato an rufe don hutu, sun tafi bakin teku, don haka ya kira ya tabbatar suna nan kafin ya kama hanya.