Kafin ka zuba kuɗi a sabuwar kyamara, gwada ta hannunka tukuna

Idan kana ɗaukar dokumentari da ƴar kyamarar gida, irin Handycam ɗin nan ta biki da suna, dole watarana zuciya ta raya maka cewa lokacin canji ya yi. To kafin ka nufi Beirut Road ko Sabon Gari, ware yini guda ka ba ta wuya, domin sai ka san takamaimai inda take gazawa sannan za ka san abin da za ka saya.

Fara da abin da take ɗauka a kai. In har yanzu kaset ɗin MiniDV take ci, to malam magana ta ƙare, canja kawai. Kaset ɗin minti 60 ne, samunsa ya zama aiki, kuma juye shi sai da wayar FireWire wadda laftof ɗin yanzu ba su da raminta, ga shi awa ɗaya ka ɗauka awa ɗaya za ka zauna kana juyewa. Amma in mai memori ce kuma tana ba da 1080, wato hoto mai ingancin Full HD, kar ka yi gaggawa.

Sai gwaji. Shiga lungunan Kurmi inda rumfa ta tare rana ka ɗauki mai sayar da kayan fata, fito Ƙofar Mata da tsakar rana ka ɗauki masu rini, bayan magariba kuma ka zaunar da wani dattijo a soro ƙarƙashin ƙwan fitila ɗaya ya ba ka labari. Kallon kuma a talabijin ko kwamfuta za ka yi shi, don ƴar fuskar kyamarar nan komai kyau yake yi a cikinta. In hoton rana ya fito tas amma na soro ya cika da yashi-yashi, ƙanƙantar sensa ce, wato ɗan abin da ke karɓar haske a cikin kyamara, kuma sau da yawa fitilar LED mai caji tana maganin wannan ba tare da ka sayar da babur ɗinka ba. In kuma hoton yana walƙiya a ƙarƙashin fitila, duba setin, wutarmu 50Hz ce, kyamarorin da aka yi wa Amurka kuwa hoto 30 ko 60 suke ɗauka a daƙiƙa, mu 25 ko 50 ne namu.

Inda nake so ka fi tsayawa shi ne sauti, wallahi a nan yawancin aikin masu koyo yake mutuwa. Mutane za su haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma dattijo na bayanin Hawan Daushe ana jin ƙarar adaidaita sahu da janareton maƙwabta da lasifikar mai maganin gargajiya sun danne muryarsa, ba wanda zai kai minti biyu. Juya kyamarar ka duba, akwai ramin makirufo na 3.5mm? Akwai na iyafis da za ka riƙa jin abin da ke shiga? In akwai, sayi ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga, shi ke nan. In babu, ƙaramar rikoda irin Zoom H1n ko ma wayarka a aljihun mai magana ta wadatar, ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara kafin a fara, wajen editin sai ka haɗa sautin da hoton a kan tafin. Sai in wannan haɗe-haɗen ya ishe ka ne rashin ramin zai zama dalilin canji na gaske.

Maganar 4K kuwa, a yi lissafi. Girman hotonta ninkin 1080 huɗu ne, a saurin ɗauka na 100Mbps awa ɗaya tana cin kusan 45GB, alhali 1080 na AVCHD, tsarin da irin Handycam ke ɗauka da shi, bai fi 13GB ba, ke nan sabon memori mai sauri mai alamar V30, sabon hard disk na ajiya, wataƙila ma sabuwar kwamfuta, don tsohuwar za ta riƙa maƙalewa, ga datar lodawa, kuma a ƙarshe a waya za a kalla bayan Facebook ko WhatsApp sun matse shi. Ni dai ban ga hujja ba sai in wata tasha ko gasar fim ce ta gindaya maka.

Masu cewa ka koma DSLR, wato kyamarar hoto da ake canja wa lens, don bayan mutum ya yi hazo-hazo, eh yana da kyau, amma da yawa daga tsofaffin suna yanke ɗauka kafin minti 30, wasu na ɗaukar zafi, ka tuna ranar Afrilu a Kano da take haura digiri 40, kuma zum ɗin da kamkoda irin Handycam ɗinka ke ba ka ka jawo mahayi daga can Ƙofar Kudu sai ka sayi lens mai tsada kafin ka samu. Canja lens cikin ƙurar hunturu ma wani tashin hankali ne.

In ka gama duk wannan kuma ka ga lallai sai an canja, ta hannu mai kyau ba laifi ba ce. Je da memorinka da iyafis, ɗauki minti 20 a shagon ba tsayawa ka ga ko batir zai riƙe, haska tocilan a cikin lens ko akwai ƙura ko fumfuna, ja zum har ƙarshe ka saurari ƙararsa, ka tambayi ko ana samun batirinta a kasuwa. Tsohuwar kuma kar ka sayar, ɗora ta a kan tirayifod, mariƙin nan mai ƙafa uku, daga gefe ta zama kyamara ta biyu lokacin hira.