Darasi na 9: Iguwana Ba Damo Ba Ce

Kwanakin baya wani maƙwabcina a Gwammaja ya kira ni in ga abin da ɗansa ya shigo da shi gida. Na tarar da wata halitta koriya shar a cikin kwali, tsawonta har jela bai wuce kamu ɗaya ba. Ga ƙayoyi jere a gadon bayanta kamar haƙoran zarto, ga wata fata tana reto a ƙarƙashin haɓarta. Yaron ya zuba mata fara da gutsuren dafaffen ƙwai.

"Baba, ai damon Turawa ne," in ji shi.

Na ce, "Kai yaro, kwashe ƙwan nan tun ba ka kashe ta ba."

Sunanta iguwana. Ta yi kama da damo da guza, amma ba 'yar ƙasar nan ba ce. Asalinta dazuzzukan Meziko ne zuwa Brazil, inda ruwan sama ke da yawa. A kan bishiya take wuni, kusa da kogi. Damo nama yake ci, ita kuwa ganye. Duk wanda ya kiwata ta kiwon damo, asara zai yi.

Ku lura kuma, wannan 'yar ƙaramar ba haka za ta tsaya ba. Tana kai mita ɗaya da rabi, wata har kusan biyu, kuma mafi yawan tsawon jela ne. In ta sami kula tana yin shekara 15 zuwa 20. Mai ɗaki ɗaya a gidan haya, shawarata ya haƙura da ita.

Abinci

A nan Kano mun yi sa'a, kusan duk abincinta yana Yankaba da Kasuwar Rimi. Ganyen zogale, rama, ganyen kabewa, ganyen dankalin Hausa, su ne tuwonta na kullum. A haɗa da kuɓewa ɗanya, da kabewa da aka goga, da koren wake. Gwanda da mangwaro marmari ne, ɗan kaɗan ya isa. Alayyahu da kabeji a riƙa ba ta jefi-jefi. Latas kuwa ruwa ne zalla, cika ciki kawai yake yi. Piya guba ce a gare ta.

A wanke ganyen sosai saboda maganin feshi. A yanka shi ƙanana kamar za a yi kwaɗo, domin iguwana ba ta tauna, yaga take yi ta haɗiye. Da hantsi ake ba ta, don ta sami zafin wuni ta narkar da abin da ta ci.

Nama, kifi, ƙwai, fara, ragowar tuwo da miya, abincin kaji: ko ɗaya kada a ba ta. Za ta karɓa, har ku ga tana girma da sauri ku yi murna. Ƙodarta ce ke lalacewa a ɓoye, ranar da ciwon zai fito fili kuma magani ya yi wuya.

Rana, sanyi da hunturu

Jikin iguwana ba ya yin zafin kansa, daga waje take samu. Tana son wurin shan hantsi mai zafin maki 35 a ma'aunin Salshiyas, da wata inuwa kusa da za ta koma in ta ji ya isa. Hasken rana ne kuma yake sa jikinta ya iya amfani da sinadarin kalsiyam, wanda ke ƙarfafa ƙashi. Masu kiwonta a Ingila da Amurka kuɗi suke kashewa su sayi fitila ta musamman don wannan. Mu Allah ya ba mu rana kyauta. Sai dai wannan hasken ba ya ratsa gilashin taga. A fitar da ita tsakar gida cikin keji mai raga, rabinsa rana rabinsa inuwa. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura 40, hantsin safe kaɗai ya ishe ta. Kada a taɓa ajiye ta a rana cikin akwatin gilashi, dahuwa za ta yi.

Babban abokin gabarta a garin nan hunturu ne. Ita 'yar iska mai laima ce, iskar Disamba da Janairu kuwa kun san yadda take fasa mana leɓe da ƙafa. Da dare sanyi yakan sauka ƙasa da maki 15, alhali ita ba a son ya yi ƙasa da 23. A shigar da ita ɗaki tun la'asar. A rataya ƙwan lantarki mai zafi a inda ba za ta taɓa shi ba. In an ɗauke wuta, a zuba ruwan zafi a gora, a naɗe da tsumma a ajiye kusa da ita. Ban da kaskon gawayi, hayaƙinsa yana kisa.

Kullum a fesa mata ruwa safe da yamma, a kuma ajiye mata baho da ruwa mai ɗumi wanda bai wuce kafaɗarta ba. Idan tana saɓa a lokacin nan, ku duba yatsunta da bakin jelarta. Busasshiyar fata takan maƙale kamar zobe, ta tsayar da jini har yatsa ya mutu. A jiƙa wurin, a murza a hankali da yatsa, ba a fizga.

Kafinta ya yi keji mai tsayin mita biyu, da rassa masu kauri na hawa. A shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa. Yashi da ɓuntu tana lasa ta haɗiye, su toshe mata hanji.

Yadda ake ɗaukarta

A tsakiyar kanta akwai wani ɗan tabo da ke gane inuwa. Da shi take sanin tsuntsu ya kawo sura. Hannun da ya zo mata ta sama, a wurinta shirwa ce, sai ta zabga jela kamar bulala. A zo mata ta gefe, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin cinyoyi. Wanda ya kama jela, jelar za ta tsinke a hannunsa. Damo ne sarkin haƙuri, ita ba ta gada ba.

Kashinta yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Bahonta daban, kada ya kusanci madafa. Yaro ƙasa da shekara biyar da mace mai ciki su tsaya daga nesa.

In kun ga tana atishawa, farin gari yana bushewa a hancinta, kada ku damu, gishiri take fitarwa. Amma in muƙamuƙinta ya yi laushi, ko ƙafafunta sun kumbura, ko tana karkarwa, ƙashinta ne ke narkewa don rashin rana da kalsiyam. A kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Haka mace da ta daina cin abinci tana tone-tone: ƙwai take son nasawa, ko babu namiji tana yi. A ba ta akwati mai zurfi da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Aikin gida: rubuta sunayen ganye huɗu da iguwana ke ci. Ka tambayi mai kayan miya na unguwarku kuɗin kowane ɗauri, ka lissafa abin da za ta ci maka a mako.